Diski C ya yi ja, na goge bidiyo amma wuri bai dawo ba

Mai_Hoto_Marwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina ɗaukar hoto da bidiyo a wajen biki da suna a nan Marwa, kwamfutar da nake aiki da ita Windows 10 ce. Wanda ya sayar min ya ce diskinta jiga 256 ne amma ni 237 nake gani a Ce PC, wajen da Windows ke nuna diski, abin ya daɗe yana damuna ko cutata aka yi. Yanzu kuma layin C ya koma ja saura jiga 3, jiya na goge bidiyon biki guda biyu manya manya ko gezau bai yi ba. Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Domayo kuma ban san inda zan sauke abin da zan ɗauko ba wallahi.

Malam_Gyara_Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka ba wanda ya cuce ka. Masu ƙera diski da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024, shi ya sa 256 ke fitowa wajen 238, sannan akwai wani ɗan yanki da aka ɓoye don gyaran Windows in ta lalace. Mai 500 ma 465 yake gani.

Bidiyon da ka goge suna nan kwance a Corbeille, wato kwandon sharar Windows, kamar ka share ɗaki ne ka tara sharar a bayan ƙofa, tana cikin ɗakin har yanzu. Buɗe ta ka duba da kyau ko akwai na mutane da ba ka ba su ba tukuna, sannan ka danna Vider la corbeille. Bayan haka ka rubuta cleanmgr a wajen bincike, Nettoyage de disque zai buɗe, ka danna Nettoyer les fichiers système, a nan ake samun ragowar mise à jour da ke taruwa, in kuma kwanan nan aka sabunta maka Windows za ka ga tsohuwar da ake ajewa a Windows.old, ita kaɗai takan ci jiga masu yawa. Amma in ka goge ta ba komawa tsohuwar Windows ɗin, ka san da wannan.

Abba_Njamena:
Malam ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara. Kada ka yi ta goge goge a makance, sauke WinDirStat kyauta ne kuma ba shi da nauyi ba zai cinye maka data ba, zai nuna maka kowane dosiye da girmansa daga babba zuwa ƙarami. Ku masu montaj yawanci manhajar da kuke haɗa bidiyo ce ke tara cache, wato fayilolin wucin gadi, a ɓoye cikin wani dosiye mai suna AppData, biki ya wuce wata shida ita tana riƙe da kayansa, ta cikin manhajar ake share shi. Za ka ga wani fayil hiberfil.sys, na veille prolongée ne, wato barcin da kwamfuta ke yi bayan ta ajiye aikin da ke buɗe a kan diski, girmansa kusan kashi 40 cikin 100 na RAM ɗinka, ana cire shi da powercfg /h off a invite de commandes, baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, in ka buɗe a matsayin administrateur.

Maman_Ummi_Dang:
Yayana Abba ni dai ban goyi bayan ya kashe veille prolongée ba, da yadda wuta ke ɗaukewa a wajenmu in batirinsa ya tsufa ita ce ke riƙe masa aikin da bai ajiye ba kafin mashin ɗin ta mutu, jiga 3 ko 4 bai kai ka rasa montaj na yini guda ba. Shagon saisie gare ni kusa da jami'ar Ngaundare, bara wani yaro ya ce zai rage min kaya ya shiga cikin dosiyen Windows yana goge abin da ya ga ya yi girma, washegari kwamfutar ta ƙi tashi ga mémoire ɗin ɗalibai biyu a ciki, kwana na yi ban yi barci ba. Don haka WinSxS da pagefile.sys, kayan aikin Windows ce da kanta, kada hannunka ya kai can komai girmansu. In ka bi ta Paramètres, Système, Stockage, Fichiers temporaires, ka tabbata ba a saka alama a Téléchargements ba, abin da ya tafi ta nan ba ya biyawa ta Corbeille.

Kuma gaskiya ƙanena 256 ya yi wa mai bidiyon biki kaɗan, ka daure ka sayi disque externe ka riƙa kwashe bikin da ka gama, na amaren da ba su karɓa ba ka bar kwafi biyu.

Mai_Hoto_Marwa:
Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ilimi. Corbeille kaɗai jiga 31 na samu a ciki, Nettoyage ya ƙara 9, layin ya koma shuɗi. Hajiya na bar hiberfil ɗin kamar yadda kika ce don batirina ba ya kai minti 40. Malam gobe zan shiga kasuwa neman disque externe, in na sayi na téra 1, wato jiga 1000, nawa ya kamata in gani in na jona shi, don in gwada a gaban mai shagon?

Malam_Gyara_Garwa:
931 za ka gani. Ka tafi da kwamfutarka ka kwafa babban bidiyo ɗaya a ciki, ka cire ka sake jonawa ka kunna shi har ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi.