Wayar sitiyarin ƙaramin injin jirgi ta yi tauri bayan ajiyar rani

Masunci daga Goronyo:

Assalamu alaikum. Ina kamun kifi a madatsar ruwa ta Goronyo, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 na rage dogaro da injin fetur, na sayi ƙaramin inji wanda aka taɓa amfani da shi, mai aiki da batir, wanda wani ɗan uwana ya samo mini a Legas. Ƙirar kamfanin Minn Kota ne, mai ƙarfin lantarki bolt 12, irin wanda ake ɗaurawa a goshin jirgi ana juya shi da ƙafa. Akwai mataki a ƙasa, idan na danna shi da yatsu injin ya karkata gefe guda, idan na danna da diddige ya karkata ɗaya gefen, wayoyin ƙarfe biyu da ke cikin wata baƙar riga ta roba su ne ke kai wannan motsi har kan injin. Amfaninsa gare ni shi ne ba ya ƙarar da za ta kori karfasa, sannan hannayena biyu suna sake lokacin da nake jan ragar kalli.

Bana na ajiye shi a zaure tun daga Fabrairu har zuwa faɗuwar ruwan farko a watan Yuni. Da na mayar da shi kan jirgi sai na tarar matakin ya yi nauyi, har sai na ɗora masa dukan nauyina kafin ya juya gefe ɗaya, alhali ɗaya gefen yana tafiya ba wuya, kuma ina jin wata ƙara a ciki kamar ana taka yashi. Na ɗura masa baƙin mai ta bakin rigar, ya yi sauƙi kwana biyu, ya sake komawa gidan jiya. Ina roƙon duk wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya faɗa mana yadda ya yi.

Makaniken babur, cikin garin Sakkwato:

Wa alaikumus salam. Malam, ni ba mutumin ruwa ba ne, amma irin wannan inji ya taɓa zuwa shagona sau biyu, kuma ciwonsa ɗaya da na kebur ɗin kulochin babur da nake gyarawa kullum. Baƙin man da ka ɗura shi ne kuskuren da kusan kowa ke fara yi. Ƙurar hunturu da ta shiga cikin rigar wata huɗu tana nan kwance, da mai ya same ta sai ta zama kwaɓi, kwaɓin kuwa yana cin wayar kamar sandifefa duk lokacin da ka taka. Giris ya fi haka muni, domin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a nan yana busar da shi ya koma kamar sabulu.

Yadda na yi shi ne na fara cire batir, saboda wayoyin lantarkin matakin suna bi ta cikin wannan rigar tare da na sitiyari. Na buɗe murfin kan injin, na ɗauki hoto da wayar salula kafin in taɓa komai, sannan na zare wayoyin daga ɗan gangan da suke naɗe a jikinsa. Daga nan ake gane inda laifin yake. Idan ka juya sandar injin da hannu ta tafi sumul, to laifin na waya ne, idan kuma sandar kanta ke cijewa, to ba ruwan waya, ka duba inda sandar ke juyawa. Na rataye wayar a tsaye a jikin ƙofa, na huda kusurwar ƙaramar leda na ɗaura a bakin bututunta da roba, na zuba man keken ɗinki a ciki, na riƙa ja ina saki har man ya fito ta ƙasa, da fari baƙi ƙirin, daga baya ya washe. Aikin ya ci mini yini guda, amma yawancinsa jira ne.

Sai dai kafin ka ɓata manka, ka ɗauki ɗan auduga ka shafi duk inda wayar ta fito fili. Idan audugar ta maƙale, to silin wayar ya fara tsinkewa, kuma babu man da ke ɗinke ƙarfe. A cikin injuna biyun da suka zo mini, ɗaya ne kawai mai ya warkar.

Tsohon ma'aikacin noman rani, Wurno:

Abin da makanike ya faɗa gaskiya ne, zan ƙara da nawa ko da yake jirgin da na yi shekaru ina kula da shi ba mai matakin ƙafa ba ne. Jirgi ne mai sitiyarin hannu da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a baya, wayarsa guda ɗaya ce kakkaura mai turawa da ja, ƙarshenta sandar ƙarfe ce da ke shiga ta cikin bututun da injin ke jingina a kai idan an ɗaga shi. Wata shekara mun bar jirgin a tudu dukan rani, da muka dawo sitiyarin ya ƙi motsi ko kaɗan, kamar an yi masa walda.

Na yi abin da nake kunyar faɗa yanzu, wato na ɗauki guduma na riƙa dukan bakin sandar. Ta motsa kaɗan, amma bakinta ya baje, ya zama ba za ta iya fita ta cikin bututun ba sai da muka goge shi da zarto. Da ta fita sai muka ga tsohon giris ya haɗu da tsatsa da turɓaya ya cika bututun. Abin da ya ba ni haushi shi ne duk tsawon lokacin ina ta matsa giris a ƴan nonuwan da ke jikin wurin, ina ɗauka yana kai wa sandar, ashe su aikinsu shi ne shafa wa wurin da injin ke ɗagawa da sauka, ba su kai komai cikin bututun. Muka wanke cikinsa da tsumma da kananzir a kan siririn ƙarfe, muka shafa giris mai jure ruwa shafa ɗaya marar kauri, muka mayar.

Tun daga nan nake zare sandar sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, kuma idan za a ajiye jirgin ina juya sitiyari har sandar ta shige ciki, don kada ta kwana a fili tana shan ƙura. Ko a lokacin ajiya nakan sa yaro ya je ya juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe duk ranar Juma'a. Mu a nan ba mu da ruwan gishiri da ke cinye wa mutanen bakin teku ƙarfe, zaman banza da ƙura su ne ke kashe mana waya. Wani abu kuma, Malam, irin wannan wayar ba a son a lanƙwasa ta fiye da kima, gwiwarta kada ta matse ƙasa da kamar taƙi guda, kuma ina kyautata zaton taka ma haka take. Yaya ka naɗe ta lokacin da ka ajiye injin a zaure?

Matashi mai jirgi, Wamakko:

Nawa akasin haka ya yi, sakwarkwacewa ya yi, ina taka mataki sai ya yi ɗan tafiya kafin injin ya amsa. A ƙasan matakin, kusa da inda rigar ke shiga, akwai wani sukuru na ɗaure waya, idan ka juya shi dama ta ƙara tauri, hagu kuma ta saki. Ka duba ko wanda ya sayar maka ya matse shi da yawa, domin hakan ma yana sa nauyi. Amma ka sassauta da kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Ni garin gwaji na sake shi sosai, wayar ta zame daga kan gangan a tsakiyar Gulbin Rima, na dawo gaɓa da filafili.

Dattijon masunci, Tafkin Kware, ta hannun jikansa:

Ɗana, ni da gora da filafili na girma, kuma har yau ban ga ranar da filafili ya nemi mai ba. Wannan inji Turawan Amurka suka yi shi don masu kamun kifi da ƙugiya na nishaɗi, an ce mini tun 1934 ake ƙera irinsa, ba a yi shi da tunanin zaurenmu ba. Amma tunda ɗana ya sayi irinsa na ga abubuwa biyu da idona. Na farko ɓera ne, ya ci rigar robar saboda ƙarnin kifin da ke jikinta, ruwa ya samu ƙofa, wayar ta yi tsatsa daga ciki alhali daga waje ba ka ganin komai. Na biyu rana ce, wadda ta fasa rigar tsaga-tsaga cikin rani ɗaya da ya bar jirgin a bakin tafki ba rufi. Yanzu yana wanke ta da ruwa mai tsabta, ya bari ta bushe a inuwa, ya rataye injin a jikin azara nesa da buhunan gero. Kuma ka riƙa cire farfela kana duba bayanta, domin zaren koma yana naɗewa a can ya yanke robar da ke hana ruwa shiga, wannan kuwa asararsa ta fi ta waya.

Masunci mai sayar da kifi, Rabah:

Idan ta tabbata wayar ta tsinke, ga abin da ya same ni. Ba a samun ta asali a kasuwanninmu, sai an yi oda daga waje, don haka na kai wa mai gyaran keke ya yanko mini wayar birki daidai tsawon, ya narka mata kai da dalma. Ta yi mini aiki wata biyu. Kan dalmar ba ya ɗaukar nauyin ƙafar babban mutum, ranar da ya fizge ina gab da ɗaga kalli cike da tarwaɗa da ƙurungu, iska tana tura ni kan ragar wani. Ba na hana kowa yin haka idan lokacin kamu ya matse, amma ya san ta wucin gadi ce. Da ta asali ta zo na sauya guda ɗaya kawai don tsimi, sabuwar ba ta miƙe ba, tsohuwar ta riga ta miƙe, sitiyarin ya riƙa rinjaya gefe guda har sai da na sauya ɗayar. Wajen mayarwa kuma ka daidaita matakin a tsakiya, injin na kallon gaba sak, kafin ka naɗa wayoyin, idan ba haka ba kibiyar nuna hanya da ke saman kan injin za ta riƙa nuna maka Illela kana tafiya Gwadabawa.

Masunci daga Goronyo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Wurno, tambayarka ce ta kama ni. Na tuna cewa da zan ajiye injin na ninke rigar gida biyu na ɗaure da igiya, na kuma jingina buhun taki a kanta wata huɗu. Jiya na buɗe kan kamar yadda makanike ya ce, sandar tana juyawa lafiya, waya ɗaya tana zamewa da yatsa biyu, ɗayar kuwa tana cijewa daidai inda ninkin yake. Da na zaro ta gaba ɗaya na sami sili uku sun tsinke sun miƙe kamar ƙaya, su ne ke kankare cikin bututun, ƙarar yashin da nake ji ke nan. Audugar ba ta kama komai ba tun farko saboda ɓarnar tana can tsakiya inda hannu ba ya kai.

Na wanke mai lafiyar da man keken ɗinki ta hanyar leda, na aika wa ɗan uwana na Legas lambar da ke jikin injin ya nemo mini guda biyu tare da bututunsu. Bayan farfela ma na sami zaren koma ya kai kamu biyu, amma robar ba ta yanke ba. Kafin saƙon ya iso na kwance wayoyin sitiyarin daga matakin, na ɗaura guntun bututun ruwa a wuyan sandar ina juya ta da hannu, ƙanena na jan kalli.