Wannan zanen bishiyoyi na Hobbema, me ke cikinsa?

Baƙon Landan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na shiga National Gallery, gidan adana zane-zane na Landan, na yi tsaye gaban zanen da Meindert Hobbema, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya yi wa hanyar ƙauyen Middelharnis a 1689. Hanya ce kawai ta ƙasa, dogayen bishiyoyi sirara dama da hagu, ganye sai can ƙoli. Amma wallahi na kasa gusawa. Me ya riƙe ni haka?

Malamar zane: Wa'alaikumus salam. Bishiyoyin ne, malam. Suna ƙanƙancewa suna jan idonka zuwa ƙauyen, kamar kai ne matafiyin. Ka lura da maharbin nan da karensa a kan hanya? Sannan sararin sama ya ci fiye da rabin zanen, ƙasar Holan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce.

Dattijo: Ni dai na fi son zanen dazuzzuka na maigidan Hobbema, Jacob van Ruisdael: duhu, kududdufi, mataccen itace a kwance. Na Hobbema ya cika tsabta. Tun 1668 ma da ya samu aikin awon gangunan giya a Amsterdam ya rage zane.

Baƙon Landan: Malama, karen ma sam ban gan shi ba! Asabar zan koma, in sha Allah.