Neman kalma: me za a kira shafin da ke nuna siffar ƙagaggiyar halitta?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara ƙa'idojin zane na wani aikin haɗin gwiwa, inda marubuta da masu zane da yawa suke gina duniya ɗaya ta ƙagaggen labarin kimiyya. Juma'a zan miƙa. Kalmomi uku sun tsaya mini: "species", "reference sheet" da "silhouette". Ta biyun ta fi ba ni wahala. Shafi ne guda da ake zana halittar ta gaba, ta gefe, ta baya da kuma a ɗan karkace, don duk wanda zai sake zana ta ya bi. Na sa "jinsi" da "takardar dubawa" na wucin gadi, ban gamsu ba.

Malamin kimiyyar halittu: Wa alaikumus salam, Malama. Cire "jinsi". A shafin akwai wurin nuna bambancin namiji da mace, sai ki wayi gari kina rubuta "jinsin wannan jinsi". Ki sa "nau'i". A ilimin halittu na Larabci ma haka aka raba su: jinsi shi ne babban rukuni, nau'i na ƙarƙashinsa. Tun 1758 da masanin halittu Linnaeus ya daidaita sunan dabbobi da kalma biyu, ta farko rukuni ce, ta biyu nau'i, kamar Homo sapiens, sunan ɗan Adam. Marubutan irin wannan aiki suna son ba halittunsu suna mai kalma biyu, don haka ki ajiye kowace kalma a gurbinta.

Mai zane: Na yarda da nau'i. Amma "dubawa" ta yi sanyi, domin shafin doka ne. Ana jan layuka a kwance da suka ratsa dukkan zanukan: ƙasa, gwiwa, ƙugu, kafaɗa, ƙoƙon kai. Idan kafaɗar zanen gaba ba ta hau layi ɗaya da ta zanen gefe ba, mai zane na biyu zai zaɓi wanda ya ga dama, na uku ya zaɓi ɗayan, kafin shekara halittar ta zama biyu. Ana tsayar da surar mutum mai mita 1.7 a gefe don a ga girma. Ana auna tsawon jiki da tsawon kai, mutum baligi wajen kai bakwai da rabi ne. Launuka kuma ba a cewa "kore-kore", ana rubuta lambar kowane launi mai harafi shida. Bango toka-toka, haske bai ɗaya, domin farin bango yana sa launi ya yi kamar ya fi duhu. Shawarata: "allon siffa".

Tsohon edita: 'Ya'yana, ku dakata. Jinsi, nau'i, siffa, duk aro ne. Hausa ta rasa "iri" ne? Irin shanu, irin dawaki, kowa ya gane. Shafin kuwa "madubin iri". Mai zane ya duba madubi, ya ga irin. Gajere ne, ga daɗin faɗi.

Mai zane: Baba, da girmamawa, madubi shi ne babban abokin gabar wannan shafi. Madubi yana mai da hagu dama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya hoto a kwamfuta don a samu ɗaya gefen cikin sauƙi. Idan halittar tana da ƙaho ɗaya a hagu, ko hannu babba a dama kamar na wata ƙaguwa, juyawar ta lalata ta. Shi ya sa ake zana gefe biyu daban ga duk halittar da hagunta da damanta ba su yi daidai ba. Bai kamata sunan ya koyar da abin da ake hanawa ba.

Malamin kimiyyar halittu: Kuma "iri" tana da aikinta. Irin shanu da Baba ya ambata duk nau'i ɗaya ne, suna haihuwa da juna. Idan nau'in yana da na duniyar ƙanƙara da na duniyar zafi, waɗannan su ne iri-iri. Mun cinye kalmar a sama, me za mu kira na ƙasa?

Tsohon edita: Ku dai kuna jin kunyar harshenku. Duk kalmar da ta yi ƙamshin Larabci ko Turanci sai ku ga ta fi daraja. Haka ake kashe harshe, a hankali, da sunan ilimi.

Ɗalibar nazarin harshe: Baba, ba kunya ba ce. "Halitta" da muke ta faɗi tun ɗazu daga Larabci ta zo, haka "allo". Kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin mutane, ta ɗauki jam'in Hausa, alluna, siffofi, nau'o'i, ta zama 'yar gida.

Tsohon edita: Zama 'yar gida ba ya hana a fara neman 'yar asali. Ni dai madubin iri.

Mai fassara: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Don Allah mu koma ga ta uku, lokaci yana tafiya. "Inuwa" ta yi?

Mai zane: A'a, Yaya. Inuwa tana nan a wani sakin layi, inda ake maganar duhun da ake sa wa jiki don ya fito da tudu da kwari. Wannan gwaji ne daban: a cika zanen da baƙi ƙirin, a rage shi zuwa kamar fiksel 64, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a kwamfuta, a ajiye kusa da sauran nau'o'in. Idan ba a gane shi ba, sai an sake ƙira, komai kyan launinsa. A nan ne ake kama halittar da mutum ce kawai aka liƙa wa kunnuwa. A nan kuma ake ganin ƙafafun da ba za su ɗauki jiki ba. Ki tabbatar wannan bayanin ya fita sarai a fassarar: idan aka ninka tsawo sau biyu, nauyi yana ninkuwa sau takwas, ƙarfin ƙashi kuwa sau huɗu kacal. Masanin kimiyya Galileo ya bayyana haka tun 1638. Ƙato mai mita 6 da siraran ƙafafu sai dai a duniyar da ƙarfin da ke janyo abubuwa ƙasa yake da rauni, kuma dole a rubuta hakan a allon.

Ɗalibar nazarin harshe: Kalmar Turancin ma sunan mutum ce, Étienne de Silhouette, ministan kuɗin Faransa a 1759. Babu ma'anar da za a fassara. "Baƙar sura" ta faɗi abin da ido ke gani.

Malamin kimiyyar halittu: Mai karatu zai iya ɗauka halittar ce baƙa. "Zubin jiki"?

Mai zane: Zubi ya haɗa da abin da ke ciki. Nan gefe-gefen kawai ake nufi.

Mai fassara: To, ga abin da zan miƙa. Nau'i, an gama. Iri ga rabe-raben cikin nau'i, ka ga Baba, kalmarka ta shiga. Allon siffa ga shafin. Ta ukun zan sa "baƙar sura" da jimlar bayani a karon farko, in an samu wadda ta fi, a gyara.

Tsohon edita: Iri ta shiga ta ƙofar baya. Na ji. Amma ki sa "allon kamanni" maimakon siffa, ko rabin sunan ya zama namu.

Mai zane: Kamanni fuska yake kawowa a rai, allon kuwa har da wutsiya da tafin ƙafa.

Mai fassara: Siffa ta tsaya, Baba. Zan sa kamanni a kan ɓangaren da ke nuna yanayin fuska: fushi, tsoro, natsuwa.