Korona na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa?

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum. Tun da korona ta shigo Nijar a Maris 2020, abin da mutanen Maraɗi suka riƙe shi ne tari, zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Amma ana cewa tana ɗauke jin ƙamshi, har ta rikita tunani. Wace alama ce ta zaman gida, wace ce ta garzayawa asibiti?

Majo Rabi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ciwon kai, jiri da ɗaukewar ƙamshi sun fi yawa. Mutum zai shinshina daddawa bai ji komai ba, alhali hancinsa bai toshe ba. Ƙwayar cutar na lalata ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyar ƙamshi a can saman hanci, shi ya sa yawanci ƙamshin ke dawowa cikin 'yan makonni. In ya daɗe, a samu abu huɗu masu ƙarfin ƙamshi, kamar kanumfari, ɓawon lemun tsami, na'a-na'a da citta. A shinshina kowanne daƙiƙa 20, safe da yamma, aƙalla wata uku. Kuskuren da ake yi shi ne a bari bayan mako biyu. Kafin ƙamshin ya dawo, wani ya riƙa duba masa abincin kwana da tukunyar gas.

Malam Habu: Hajiya ta yi bayani. Abin da ya fi damuna tsofaffi. Dattijo kan rikice ba tare da tari ba: ya kasa gane jikokinsa, ya wuni yana barci, sai gida a ce tsufa ne ko iska. A kai shi likita ranar, don ƙarancin iskar oksijin ma na kawo haka, kuma a nan wajibi ne a yi gwajin maleriya. In wuya ya sanƙare da zazzaɓi, musamman da bazara, a fara zargin sanƙarau.

Majo Rabi: Gaskiya ne, Malam. Korona na iya sa jini ya daskare, har ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe: a riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti nan take. Kada a ba mara lafiyar asfirin, domin idan jijiyar jini ce ta fashe zai ƙara zubar jini, kada kuma a ɗura masa ruwa, yana iya shaƙewa. Raunin da ya faro daga ƙafafu yana hawa sama bayan an warke shi ma na gaggawa ne, yana iya kaiwa ga numfashi.