Kaya a gaba ko a kariya? Gardamar 'yan keke kafin tafiyar Funtuwa

Malami daga Samaru: Salamu alaikum. Tunda da tabarma, ruwa da kayan gyara za mu tafi, ga maganata: keken da fok ɗinsa, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ya lanƙwasa gaba sosai ya fi daɗin tuƙi idan kayan suna gaba. Ɗora komai a kariya kuskure ne.

Baba na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin a haife ka nake ɗauko masara daga Giwa a bayan Raleigh. Kuskuren bai kayar da ni ba tukuna.

Malami daga Samaru: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma a gangara kan keken ba ya rawa?

Baba na Tudun Wada: Yana yi. Sai ka kwanta masa, ka danne.

Ɗalibin injiniya: To ai nan maganar take. Ku ja layi daga wuyan keke har ƙasa, zai sauka gaban inda taya take taɓa ƙasa. Wannan ratar ce ke sa keke ya miƙe da kansa. A wuya mai digiri 73 da fok mai lanƙwasar milimita 45, ratar takan kai kusan milimita 58. Idan lanƙwasar ta zama 65, sai ta sauko wajen 38. Wato yawan lanƙwasa RAGE rata yake yi, mutane da yawa suna ɗauka akasin haka. Mai doguwar rata, da ka ɗan karkata kansa gaban yakan yi ƙasa kaɗan, in akwai nauyi a sama sai kan ya faɗa gefe, kana hawan tudu kana kokawa da shi. Mai gajeriyar rata ba ya yin haka sosai. Shi ya sa masu rarraba jarida a Faris a da suke tula ta a gaba, kuma maƙera irin René Herse suka riƙa yin kekunan doguwar tafiya da jaka a gaba.

Mai gyara, Sabon Gari: Injiniya, lissafinka na kwalta ne. Ka sauka gefen titi bayan Shika ka shiga yashi da kilo goma a gaba, taya za ta nutse, kan ya ƙwace. Kuma mai gajeriyar ratar nan in ba kaya rawar kai gare shi kamar ɗan akuya.

Ɗalibin injiniya: Na yarda da ta yashin, Oga. Sai dai taya mai faɗi da aka rage wa iska tana kwantar da rawar kan.

Malami daga Samaru: To in kawo nawa ka ƙara masa lanƙwasa?

Mai gyara, Sabon Gari: A'a wallahi. Na ga wanda ya zura bututu ya lanƙwasa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, keken ya koma jan hagu. Ka raba kayan kawai: masu nauyi a jakunkuna biyu ƙasa-ƙasa, daidai cibiyar tayar gaba, nauyinsu ɗaya, tabarma a kariya.

Baba na Tudun Wada: Wato dai kariyar tawa ba ta mutu ba.

Malami daga Samaru: Tabarma kawai aka ba ta, Baba. Asabar bayan Asuba mu haɗu a Kwangila, kowa da galan biyu na ruwa, a gwada gaba a gwada baya zuwa Shika.

Baba na Tudun Wada: In Allah ya kai mu. Wanda nasa ya zube shi zai sayi ƙosai.