Abin da aka tsayar kan 'yan badujalar unguwa a Gadarif, gabashin Sudan

Tsofaffin mabusa da samari sun zauna kan yadda ƙungiyar za ta tsara shekararta, kuma galibin maganar ta koma kan damina. Daga Yuli zuwa Oktoba kowa yana gonar dawa ko ta riɗi, saboda haka aka ce kada a karɓi gayyatar biki mai nisa a lokacin. Gwaji sau ɗaya a mako ya isa, don leɓe kada ya mutu. Kuɗin asusu kuwa a tara shi da kaka, bayan an kai riɗi kasuwa, lokacin da aljihu ke da nauyi. Wannan shawara ta fi kowace kwanta mini a rai.

Da azumi ba a busa da rana, sai bayan tarawihi. Manyan fitowa su ne Sallah ƙarama da babba, jerin gwanon Maulidi, da 1 ga Janairu, ranar da Sudan ta samu 'yanci a 1956.

An daɗe kan kula da kaya. Ƙurar guguwar da ake kira habub tana shiga maɓallan ƙaho ta daskare, sai yatsa ya danna ya ƙi dawowa. Maganinta a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a tsane, a ɗiga mai mara kauri, a rufe cikin akwati. Fatar ganga kada ta wuni a rana.

Kan yara an yi saɓani. Wasu na son a fara musu da begila, dattawa suka ce ganga tukuna, sai ƙafa ta kama kiɗa. An bar wa shugaban ƙungiya ya yanke kafin Maulidi.