Muhawara: Wanda ya kwaikwayi jita ko amfilifayar wani, ɓarawo ne?

Makaɗi: Jama'a, ni ra'ayina yana nan daram. Duk wanda ya buɗe amfilifayar wani, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin jita, ya kwafe haɗin cikinta, ko ya yanka katako a siffar jitar wani ya kai kasuwa, sata ya yi. Wani ya noma, kai ka zo ka girbe.

Injiniya: Malam, in haka ne sai mu fara kama Marshall. A 1962 Jim Marshall da ma'aikatansa a Landan suka gina amfilifayar JTM45 a kan tsarin amfilifayar Bassman ta 1959 ta kamfanin Fender, kusan waya da waya. Abin da ya raba su shi ne kayan haɗi: bawul na farko, wato kwalbar lantarki mai ƙara ƙarfin sauti, daban, taransifoma daban, ga lasifikar Celestion a rufaffen akwati maimakon buɗaɗɗen akwatin Fender. Sai murya ta fito wata iri, wadda ba Fender ba ce. Shi kansa Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin Fender, ba daga sama ya samo ba, ya ɗora ne a kan tsare-tsaren kamfanin Western Electric da littattafan bawul na kamfanin RCA.

Makaɗi: Don babba ya yi ba zai mai da laifi ya zama daidai ba, Injiniya.

Barista: Ku dakata, kuna cakuɗa abubuwa uku. Akwai haƙƙin ƙirƙira: ka bayyana wa duniya yadda abinka yake aiki, a ba ka kariya ta shekara 20, bayan nan ya zama na kowa. Yarjejeniyar ke nan tun farko, don haka mai gina tsarin 1959 a yau bai taka doka ba. Akwai haƙƙin mallaka, wanda yake kare zanen da aka yi a takarda, amma ba ya hana ka haɗa wayoyin da zanen ya nuna. Sai alamar kasuwanci, wato suna da tambari da duk siffar da mai saye yake gane kamfani da ita. Ita ce ba ta tsufa muddin ana amfani da ita, kuma a kanta ake yawancin rigimar.

Makaɗi: To Barista, ai kamfanin jita na Gibson ta kai masu jitar Ibanez kotu a 1977.

Barista: Ta kai Elger, kamfanin da yake sayar da Ibanez a Amurka, kuma a kan siffar kan jita ne, can inda ake ɗaure tsirkiya. Ba a kai ga hukunci ba, aka sasanta. Gangar jiki kuwa labarinta daban. A 2009 hukumar alamun kasuwanci ta Amurka ta ƙi yi wa Fender rajistar siffar jitocinta Stratocaster da Telecaster da Precision Bass, domin ta bar kowa yana yin su shekara da shekaru har suka zama siffar jita kawai a idon mutane. Gibson ma ta sa an dakatar da jitar Singlecut ta kamfanin PRS a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta soke dakatarwar a 2005.

Maƙerin feda: Ranki ya daɗe, doka na ji ta, amma bari in faɗi nawa. Shekara uku na yi ina gyara wata feda ta sauya sautin jita, ina ƙona kaya ina sakewa. Ban cika shekara da fitar da ita ba wani babban kamfani ya sayi guda, ya fito da irinta cikin akwati mai kalar tawa, da arhar da ba zan iya ba. Kuɗin rajistar ƙirƙira ba ni da su, balle na lauya. Fender ta ci moriyar Bassman kafin a kwafa, ni ko uwar kuɗi ban mayar ba. Kada a saka ni da ita a kwando ɗaya.

Injiniya: Wannan ya taɓa ni, ɗan'uwa, kuma a nan ina bayanka. Sai dai ban yarda da maganin da wasu suke nema don hana kwafa ba. Bill Finnegan ya zuba baƙin danƙo a kan allon haɗin wayoyi na fedarsa Klon Centaur, maƙerin amfilifaya Dumble ma haka ya yi wa amfilifayoyinsa. An kankare, an gano, an kwafa duk da haka. Wanda ya wahala shi ne mai gyara irina, ranar da ƙaramin abu ya mutu a ƙarƙashin danƙon.

Ɗaliba: Iyayena, a yi mini izini. Da jita mai siffar Stratocaster na koyi kiɗa, sunan wanda ya ƙera ta ne a kanta, bai ce Fender ba ce. Da babu irinta da ban taɓa riƙe jita ba. Wa aka cuta a nan?

Barista: Ba kowa, 'yata. Cuta tana inda aka manna sunan wani. A 2024 jami'an kwastan na Amurka sun kama jitoci jabu fiye da 3,000 masu ɗauke da sunan Gibson a tashar jiragen ruwan Los Angeles. Wannan zamba ce, ga kamfani da mai saye duka.

Makaɗi: Na janye a kan tsohon tsarin da wa'adinsa ya cika, da kuma jitar yarinyar nan. Amma a kan abin da aka yi wa Maƙeri ban janye ba, ko da babu alƙalin da zai saurare shi.

Maƙerin feda: Ni ma tawa a kan tsohon tsarin wani na ɗora ta, kuma na rubuta sunansa a takardar da ke cikin kwali. Su ba su canza ko ƙwaya ɗaya a allon ba. Har kuskuren da na yi a jeren wayoyin fitowar farko, wanda na gyara daga baya, yana nan a cikin tasu.